Daga Adarawo Zuwa Jimeta: Waiwaye A Kan Sufurin Jama'a A Gari Mai Kai Biyu

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya tsaya a bakin titi a unguwar Adarawo ta cikin garin Yola, ya san irin jiran da muke son yin magana a kansa. Ma'aikaci da jakarsa, ɗalibi da littattafansa, ɗan kasuwa da mabuɗin rumfarsa, akasarinsu Jimeta suka nufa, domin a can ofisoshi da babbar kasuwa da tashoshin mota suke. Tazarar ba ta wuce kimanin kilomita 9 ba, amma ita ce ke cin wani kaso na albashin mutum da lokacinsa kowace rana. Wannan tazara ba daga sama ta faɗo ba, tana da tarihi, kuma a iya fahimtarmu tarihin nan yana nuna cewa an daɗe ana gina garin ba tare da an tambayi yadda marar mota zai ƙetare shi ba.

Lokacin da Modibbo Adama ya kafa Yola a shekarar 1841, babu wata matsalar sufuri da za a ambata. Fada da masallaci da kasuwa duk ƙafa tana kai mutum, doki na masu sarauta ne, jaki kuwa na kaya. Haka Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya tarar da garin a 1851.

Kogin Binuwai ne ya raba wa garin hankali biyu. A ƙarshen ƙarni na 19 jiragen ruwan Kamfanin Neja suka riƙa hawowa da gishiri da yadi, suna komawa da amfanin ƙasa, kuma an ɗauki lokaci ’yan kamfanin suna ciniki daga cikin wani jirgi da suka girke a kan ruwa. Bayan da sojojin Ingila suka ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice, sai sababbin masu mulki suka kafa ofisoshinsu da barikinsu da kantunansu a wajen tsohon gari, ta ɓangaren mashigar jiragen. Daga nan Jimeta ta bunƙasa. Sarauta da malanta suka zauna a Yola, aikin albashi da kasuwancin zamani suka koma Jimeta. Ba mu ga laifin wanda zai ce Bature ya yi haka ne don jin daɗin kansa ba, domin kuwa gyaɗa da auduga da fatu yake son fitarwa, zirga-zirgar talaka tsakanin garuruwan biyu ba ta cikin lissafinsa. Jiragen ma ba sa zuwa sai ruwa ya cika, wato daga wajen Yuli zuwa Oktoba. Layin dogo da ya isa Kano a 1911, ya kuma bi ta Bauci da Gombe ya kai Maiduguri a 1964, bai taɓa waiwayar Yola ba. Saboda haka tun farko mota ce gatan wannan yanki.

A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola, aka ce Yola ce hedikwata, amma sunan ne kawai na Yola, sakatariya da ma'aikatu Jimeta suka sauka. A 1981 kuma aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda mazauninta ya kasance a tsallaken kogi ta wajen Girei. Gari mai kai biyu ya sami na uku ke nan. Zamanin kuwa na arzikin man fetur ne, ma'aikaci yana samun bashin mota, ana harhaɗa Fijo a Kaduna, tasi tana yawo da araha. Masu tsara gari suka shimfiɗa tituna da unguwannin ma'aikata bisa zaton kowa zai mallaki abin hawansa in an jima.

Ba a jima ba zaton ya rushe. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran mota suka yi tsada, tasi suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya a garejin makanikai. Gwamnatin Janar Babangida ta fito da shirin sufurin jama'a na birane a 1988, jihohi suka sami motocin bas, sai dai akasarin kamfanonin jiha sun fi karkata ga dogon zango, inda riba take. Kamfanin Adamawa Sunshine ma an fi saninsa da jigila daga gari zuwa gari. A cikin gari kuwa, babur ne ya cike gurbin, ba tare da wata hukuma ta zauna ta tsara shi ba.

Ya kamata mu yi wa acaɓa adalci. Shi ne ya shiga lungunan da mota ba ta shiga, ya kai mutum har ƙofar gida, ya kuma ciyar da ɗimbin matasan da suka rasa aikin yi. Amma abin hawa ne na mai ƙarfi. Tsohuwa da mai juna biyu da gurgu da mai jinya duk bai yi da su ba, kuma matan aure da yawa sun gwammace su fasa unguwa da su hau bayan baƙon namiji. Ma'aikatan sashen ƙashi a asibitoci su ne za su ba da sauran labarin.

Da matsalar tsaro ta tsananta a 2012, gwamnatin Murtala Nyako ta hana acaɓa a babban birnin jiha, kamar yadda Kano ta yi a farkon 2013. Dalilin hanin a fili yake, amma abin lura shi ne tsaro ne ya sauya fasalin sufurin garin, tanadin masu tsara birni bai taka rawa ba. Keke mai ƙafa uku ya maye gurbi. (Wani abin sha'awa, ɗan wannan jiha ne, Buba Marwa, ya yaɗa keken a Legas lokacin da yake mulkinta a ƙarshen shekarun 1990, har aka laƙaba masa sunansa, kafin shirin yaƙi da talauci na NAPEP ya ba shi sunan da aka fi sani yanzu.) Keke ya fi babur rufin asiri da aminci, mata da tsofaffi sun sami sauƙi. Sai dai mutum uku ko huɗu yake ɗauka, kuma ba don doguwar tafiya aka ƙera shi ba. Wanda zai tashi daga Adarawo zuwa jami'a sai ya sauka ya sake hawa, kowane hawa da kuɗinsa. Ana cikin haka Mubi ta faɗa hannun ’yan tada ƙayar baya a 2014, dubban ’yan gudun hijira suka kwararo, gari ya ƙara faɗi ta gefe-gefe inda titin kwalta bai kai ba.

Daga 2019 gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta gina gadojin sama a Jimeta, ta kuma gyara tituna da dama. Aiki ne da ido ke gani, kuma ya rage cunkoso a manyan mahaɗu. Amma gada tana saukaka wa abin hawa ne, ba ta rage wa fasinja ko kwabo. An ga haka ƙarara bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da kuɗin keke ya tashi, har wasu suka koma takawa da ƙafa a cikin zafin Yola, wanda ba sai an ba kowa labarinsa ba. A wannan shekarar gwamnatin jiha ta sayo manyan motocin bas domin rage raɗaɗin.

Sayen bas ba sabon abu ba ne, an yi shi a 1988. Abin da ya gagara a wancan karo shi ne abin da ke biyo bayan sayen: tsayayyen layi daga cikin Yola zuwa Jimeta da tsallaken kogi, matsaya mai inuwa, lokacin tashi da kowa ya sani, kuɗin gyara da aka ware tun kafin mota ta lalace, da kuma barin keke ya riƙa ɗebo mutane daga lungu yana kawo su bakin babban titi. Malamin firamaren da ke tsaye a Adarawo da ƙarfe shida da rabi na safe yana son ya san ƙarfe nawa motar za ta iso, nawa zai biya, kuma ko baɗi war haka tana nan a kan hanya.