AJIN MAKARANTAR MISIYO: ABIN DA AKE YI CIKINSA, DA ABIN DA YA SHAFE MU

Iyayenmu dattawan Yebi, da 'yan'uwanmu da ke zaune Difa, Damagaram, Yamai da sauran wurare. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne gardamar da ta tashi a taronmu na baya. Wani ɗan'uwanmu mazaunin Damagaram ya sa 'yarsa makarantar Katolika, wadda muke kira lakwal Misiyo, sai wani daga cikin iyayenmu ya ce masa ya sayar da yarinya. Magana ta yi zafi har aka tashi ba a rabu da ita ba. Aka ce mu malaman firamare da ke cikin ƙungiya mu bayyana wa jama'a abin da muka sani. To, ga shi. Ba mu zo yi wa kowa talla ba, kuma ba mu zo yanke hukunci ba. Muna so ne wanda zai yi magana nan gaba ya san me ake yi cikin ajin nan daga safe zuwa maraice.

YADDA TA SHIGO ƘASAR NAN

Mu mutanen bakin Komadugu makarantar allo muka gada. Tun zamanin sarakunan Barno ƙasarmu ta yi suna wajen haddar Alƙur'ani, har almajirai daga ƙasar Hausa sukan ce za su gabas neman karatu. Lakwal baƙuwa ce gare mu, kuma ta gwamnati muka fara gani, sa'ad da ake bin gida gida ana rubuta yara, iyaye na ɓoye su cikin rumbu ko su tura su bayan shanu. Difa kanta sai a 1964 ta zama babban garin jaha. Saboda haka ba laifin dattawanmu ba ne in sun haɗa lakwal da Misiyo da Nasara duk suka zuba a ƙwarya ɗaya.

Amma a tarihi ba abu ɗaya ba ne. Masu wa'azin Kirista da suka fara zama ƙasar nan su ne na SIM, waɗanda suka sauka Damagaram a 1924, su ne kuma suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Waɗannan ba Katolika ba ne. Katolika sai a 1931 suka kafa gidansu na fari a Yamai, ta hannun wani limaminsu Bafaranshe, François Faroud. Daga nan suka kai Damagaram, sa'an nan Dogon Dutsi da Maraɗi. A 1961 aka naɗa musu bishop na fari a ƙasa, Hippolyte Berlier, wanda ya riƙe har 1984. A 2001 aka raba ƙasar biyu a tsarinsu, aka ba Maraɗi gabas da arewa, wato Maraɗi, Tawa, Agadas, Damagaram da Difa, aka ɗora Ambroise Ouédraogo a kai.

Kiristocin farko a garuruwan nan galibinsu baƙi ne, ma'aikatan ofis da masu sana'a daga Dahome da Togo waɗanda aikin Turawa ya kawo. Don 'ya'yansu aka fara buɗe azuzuwa kusa da majami'a. Ba a daɗe ba 'ya'yan Musulmi maƙwabta suka shigo, har suka rinjaye su da yawa. Ba abin mamaki ba ne, gama lokacin da muka sami 'yancin kai a 1960, cikin yara ɗari da suka isa shiga lakwal ko biyar ba su samu wuri ba. Duk inda aka buɗe ƙofar aji, cika take yi.

YINI ƊAYA CIKIN AJI

Abin da za mu faɗa nan mun tattara shi ne daga bakin manyanmu da suka zauna waɗannan bencina a shekarun 1960 da 1970, da kuma abin da idonmu ya gani lokacin da muke koyon aikin malanta.

Kafin ƙarfe takwas yara sun hallara. Waɗanda sharar yini ta faɗo kansu sun share aji, sun goge babban allo, sun cika tulu da ruwa. A buga ƙarfe, wanda sau da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne aka rataye a bishiyar dogon yaro. A jeru aji aji, a ta da tuta, a rera taken ƙasa. Manyanmu wanda aka tsara a 1961 suka rera. Yaranmu na yanzu wanda aka sake a 2023 suke rerawa. Mushe ya bi sahu yana duban farce da kai da riga. Wanda bai wanke fuska ba ya koma bakin tulu.

Da an shiga, abu na fari kwanan wata a saman allo, ƙarƙashinsa jimla guda ta tarbiyya, a kan gaskiya, ko tsabta, ko girmama na gaba. Mushe ya ba da ɗan labari a kanta, yara su maimaita, manya su kwafe cikin kaye. Wannan darasi gajere ne, amma kullum sai an yi shi.

Sai lissafin ka, kuma nan ne muke so dattawa su lura. Kowane yaro da ɗan allonsa na ardwazi, da alli, da tsumma. Mushe ya faɗi tambaya, misali bakwai sau takwas. Ba mai taɓa alli. Ya buga sanda a tebur, kowa ya rubuta. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama. Cikin ƙiftawar ido mushe ya ga amsar yara sittin, ya san wanda ya gane, ya san wanda ke leƙen na kusa da shi. Wannan dabara ana kiranta da sunan La Martinière, wata makaranta ta birnin Liyon a Faransa inda aka fara ta. Ba ta bukatar littafi, ba ta bukatar lantarki. Mu ma an koya mana ita, kuma har yau ba mu ga abin da ya fi ta sauƙi da amfani a aji mai cunkoso ba.

Bayansa karatu. Azuzuwa shida ne, daga CI, CP, CE1, CE2, CM1 har CM2. A na farko yaro baƙi da wasali yake haɗawa, yana bin sandar mushe a allo, aji duka na amsawa da murya ɗaya, kamar dai yadda ake biya wa ƙolo a tsangaya. Littafin da manyanmu suka fi tunawa shi ne Mamadou et Bineta, na André Davesne, wanda aka yi amfani da shi a ƙasashen da Faransa ta mallaka tun shekarun 1930. Sau da yawa littafi ɗaya yara uku ke dubawa, na tsakiya ya riƙe.

Wajen ƙarfe goma a fita shan iska. Mata masu ƙosai da gyaɗa da ɗanwake na bakin ƙofa. Maza su bi ƙwallon tsumma, mata su yi gaɗa da carafke. A dawo a yi rubutu. A da da alƙalamin ƙarfe ake yi, ana tsoma shi cikin ɗan kaskon tawada da ke cikin ramin tebur, kuma ɗigo ɗaya a takarda ya isa a sa yaro ya sake shafi. Daga baya bik ya zo ya hutar da kowa. Akwai kuma kaye guda na aji duka, wanda ke zagayawa, yau wannan yaro ya yi aikin yini a ciki, gobe wancan. In mai duba makarantu ya zo, shi yake fara buɗewa, domin a cikinsa ba a iya ɓoye ko aji na aiki ko yana barci.

A manyan azuzuwa dodon yara shi ne dikte. Mushe na karantawa, yaro na rubutawa, kuskure biyar sifili. Yara nawa masu kaifin ƙwaƙwalwa suka faɗi satifika saboda harafin da ake rubutawa ba a furta shi! Da tsakar rana a tashi, a dawo wajen ƙarfe uku. Da yamma ake darasin abubuwa, inda mushe zai kawo zangarniyar gero ko fitilar ƙwai ko ƙashin kifi a duba a faɗi sunan kowane sashe. Nan ake tarihi, da labarin ƙasa, da waƙa, da zane. Yara mata su koyi ɗinki da saƙa wurin matan zuhudu, waɗanda ake kira Masera. Maza su ja ruwa su bayar a lambun makaranta. Ƙarshen zango a yi jarrabawa, a tara yara a kira sakamako daga na ɗaya har na ƙarshe.

ABIN DA BA MU YABA BA

Kada a ce mun ɓoye ɗacin. Akwai bulala, akwai durƙuso a kan tsakuwa. Akwai kuma sambol, wato wani ƙashi ko guntun icce da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu. Shi kuma ya yi ta farautar wani da zai miƙa wa, domin wanda maraice ya riske shi da shi, shi zai sha hukunci. Wannan ba na Misiyo kaɗai ba ne, har lakwal ta gwamnati an yi shi. Ku duba ɗanmu na Komadugu: Barbarci a gida, Hausa a kasuwa, Larabci a allo, sa'an nan a ce Faransanci kaɗai zai fito bakinsa. Sambol ya koya wa yara tsegumi da jin kunyar harshen uwa. Ƙasa ta fara gane kuskuren, shi ya sa a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta fari a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa, daga baya aka yi irinta da Barbarci da sauran harsuna.

Sa'an nan akwai kuɗi. Misiyo biya ake yi, kuma wanda ya bar gonar tattasai da komar kifi a baya ba kullum yake da abin biya ba.

MAGANAR ADDINI

Ga inda gardamar take. Tsarin karatun na gwamnati ne, jarrabawa ta gwamnati ce, mai dubawa na gwamnati ne. Malaman da ke tsaye gaban allo galibi ba Mompera ba ne ba Masera ba, 'yan ƙasa ne irinmu, da yawansu Musulmi. Darasin addinin Kirista yaran Kirista ake yi wa, a lokacin da aka keɓe musu. Lalle yaro zai ga gicciye a bango, zai ga an rufe makaranta ranar bikinsu. Wannan gaskiya ne, kuma uba na da ikon ya ce bai yarda ba. Amma a duba lissafi: an fi shekara sittin ana karatu cikin waɗannan azuzuwa, dubban 'ya'yan Musulmi sun bi ta ciki, ga shi ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar. Abin da muka gani shi ne, yaron da ke zuwa allo da asuba da dare, iyayensa na tsaye kansa, yakan fito da sallarsa. Wanda aka saki ba mai tambaya, ko wace makaranta ya shiga, titi ne ke rainonsa.

JUMA'A BIYU

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, tarzoma ta tashi a Damagaram, aka ƙona majami'u, wuta ta ci har makarantar Misiyo. Ɓacin ran kowane Musulmi ya ji shi, amma bencinan da suka ƙone galibi 'ya'yan Musulmi ke zama kansu. Mako uku cif bayan haka, ranar Juma'a 6 ga Fabrairu, Boko Haram suka afka wa Boso da Difa. Sauran kun san shi fiye da mu. Makarantu fiye da ɗari aka rufe a jaharmu. A watan Mayu na 2016 aka shiga Yebi, ranar 3 ga Yuni aka sake faɗa wa Boso, mutum wajen dubu hamsin suka bi hanya, wasu Kijandi, wasu Garin Wanzam, wasu bakin kwalta har Difa. Yaron da ke CI a shekarar nan yanzu saurayi ne, kuma da yawa daga cikinsu ba su sake riƙe alli ba. Mu da aka ƙona wa aji mun san zafinsa, ko na wane ne.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

In an tambaye mu me ya sa Misiyo ta yi suna, ba wani asiri ba ne, ba kuma ginin siminti ba. Mushe na zuwa kullum a kan lokaci. Ana duba allon kowane yaro kullum. In yaro bai zo ba kwana biyu, ana aika wa gidansu. Shekara na farawa a Oktoba ta kai Yuni ba a yanke ta ba. Duk waɗannan ana iya yinsu ƙarƙashin rumfar zana, kuma mun ga abokan aikinmu sun yi su cikin tanti a bakin hanya.

Saboda haka ga roƙonmu. Wanda ya sa ɗansa Misiyo kada a zage shi, a tambaye shi ko yaron na zuwa allo. Wanda ya sa nasa lakwal ta gwamnati ya riƙa leƙawa, ya buɗe kaye ko da bai iya karantawa ba, jan bik na mushe kaɗai zai gaya masa ko ana duba aikin. Ƙungiya kuma, a kowane gari da muke zaune, ta rubuta sunayen yaranmu da ba su zuwa ko'ina, maza da mata, kafin Oktoba, ta sayi ardwazi da alli daga kuɗin asusu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin tsoro gare mu yau shi ne yaron da ba ya cikin kowane aji, ba na allo ba, ba na lakwal ba.

In mun yi kuskure, iyayenmu su gyara mana a taro mai zuwa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya shirya mana zuriya. Amin. Wassalam.