Tsakanin Tukuba da Ragaya: Yadda Mahautan Arewa Suka Tsare Nama

Mahautan Matankari na dā hanya biyu suka sani game da naman da ya ga wuta: ko a cinye shi da zafinsa, ko a busar da shi har ya yi ƙarau. Abin da ke tsakani ba su yarda da shi ba. Ni jikan mahauci ne, a kan wannan ƙa'ida aka raine mu.

Tun Matankari na cibiyar sarautar Arewa, a ƙasar Nijar ta yau, yanka ranar kasuwa yake bi. Sarkin Fawa ke duba dabba kafin a kayar da ita. Mai tsire ya kafa tsinkayensa kewaye da tukuba, wanda ya gasu ya ɗan ja shi baya, inda zafin garwashi ke kai masa ba tare da ya ƙone ba. Can nama ke hutawa, ruwansa ya kwanta, amma bai huce ba. Kuma gwani da ƙiyasi yake yanka, don babu abin kunya ga mahauci kamar a san shi da kwantai.

Abin da za a ajiye kuwa sai a raba shi da ruwansa. Mafarauta su ɗora naman daji bisa itace, hayaƙi na ratsa shi kwana da kwanaki har ya zama banda. Masu kilishi su feɗe tsoka siririya, su shanya, su tsoma a labu na ƙuli-ƙuli da yaji, su sake shanyawa, sannan su nuna mata wuta. Gishiri na zuwa daga kudu, daga Dallol Fogha, inda Bajamushen nan Heinrich Barth ya tarar ana dafa shi a 1853. Da Babbar Salla mata su rataye naman layya a igiya ya sha iska, su soya shi a kitsensa har ya daina kumfa, su zuba a tukunya kitsen ya rufe shi, a ɗora bisa ragaya. In yaro ya kai hannu, kakata takan ce, "Kai, ɗan nan, jiƙaƙƙen hannu ba ya shiga tukunyata!" Ta san ɗigon ruwa ɗaya na iya ɓata ajiyar wata guda.

Sauyi ta hanya ya biyo. Bayan rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu ta Sarauniya Mangu a 1899, mulkin Faransa ya kafu, daga baya ya maida mazauninsa na wannan yanki Dogondutsi. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta nan ta ratsa, Matankari ta koma gefe. Sai mai nama ya sami sabon mai saye: matafiyi, wanda zai ce a ƙunshe masa balangu, ba zai buɗe ba sai Ƙonni ko Maraɗi. Da leda ta zo, nama mai zafi ya riƙa gumi a cikinta. Dokar 2014 ta hana irin wannan leda a Nijar, amma har yau tana kan teburin masu nama. Firigo ma ya shigo, sai dai in kuran ya ɗauke da dare, abin da ke ciki ya kwana ba sanyi ba zafi.

Wannan tsaka-tsakin shi ne wurin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. A Arewa kuwa, cikin watan Afrilu, zafin inuwa kansa na haura 40. Wasu ƙwayoyin suna tsira daga gashi, su farfaɗo in nama ya yi ɗumi-ɗumi. Wasu, irin masu zuwa daga hannun mai yankawa, suna barin dafin da wuta ba ta kashewa. Shi ya sa ɗumame ba ya gyara balangun da ya wuni cikin mota, ko da ƙamshinsa bai sauya ba.

Don haka ni dai a gidana, naman da zai jira baƙo kusa da garwashi yake zama. Wanda zai kwana a yanka shi ƙanana ya huce da wuri, ya shiga sanyi na gaske, ko a soye shi ƙarau. In za a ɗumama, sau ɗaya ne, har tsakiyarsa ta yi tururi. Mai tafiya mai nisa kuma kilishi nake ba shi guzuri, balangun ya ci a nan kafin mota ta tashi.