Zaure da Damin Zakka: Tarihin Taimakon Marasa Matsuguni a Ƙasar Kura da Bunkure

A ƙasar Kura da Bunkure, taimakon wanda ba shi da wurin kwana ya daɗe yana tsaye a kan zaure da hatsi. Baƙon da dare ya riska a gari wurin mai unguwa ko dagaci ake kai shi, shi kuma ya sama masa masauki. Zauren mai hali a buɗe yake kwana, da tabarma da buta, in an kwashe tuwon dare kuma sai an fito da akushin baƙo. Kura ta saba da baƙi tun ƙarni na 19, lokacin da marinanta suka yi suna wajen rinin turkuɗi, fatake da Buzaye suna zuwa saye. Tsohuwar da damina ta kayar wa ɗaki kuwa gayya ake kira mata: wasu su kwaɓa ƙasa, wasu su kawo kara da shuci a yi jinka, a sallami samari da fura ko kunu.

Hatsin kuwa ta ƙofar zakka yake shigowa. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi yana ware dami ɗaya cikin goma tun a gona. A zamanin Daular Sakkwato hukuma ce ke karɓa ta hannun dagatai, wani kaso ya tsaya a gari saboda baƙi da mabuƙata. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sai aka narkar da zakka cikin harajin da ake biya da kuɗi, fitar da ita ta addini ta koma tsakanin manomi da malaminsa. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta nuna iyakar wannan tsari, domin in rumbun kowa ya ƙare babu mai ciyar da wani.

Mafi yawan masu kwana a wajen gidan iyayensu almajirai ne. Malami kan sauka da su bayan kaka, a ba shi zaure ko fili ya kafa tsangaya, gidaje su riƙa aika ciyayya. Yaron da ya dace yakan sami uwar ɗaki, ya ɗebo mata ruwa, ita kuma ta ajiye masa tuwo da tsohuwar riga.

Noman rani na zamani ya sauya lissafin. Gwamnatin Audu Baƙo ta fara gwaji a Kadawa da ruwan dam ɗin Bagauda, aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, fari na 1973 bai gama sakin mutane ba. Daga baya aikin noman ranin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, da shirin shayar da hekta kusan 22,000 a kashin farko. Shi kansa ginin dam ɗin Tiga ya tashi ƙauyuka, aka sake musu matsuguni. Amma babban sauyin shi ne juyawar cirani. Ƙasar da samarinta ke tafiya birni da rani ta zama inda ake zuwa neman aiki: dashen shinkafa, yankan alkama, tsinkar tumatir, dako a kasuwar Kwanar Gafan. Waɗannan 'yan ƙwadago sun fi ƙarfin zaure. Da yawansu a rumfunan kasuwa, barandar shaguna da harabar masallaci suke kwana, a tsakiyar hunturu kuwa, shi ya sa sadakar bargo da tsofaffin tufafi take da daraja a wannan lokaci.

Ita ma zakkar ta shiga sabon hali. A mazhabar Malikiyya, gonar da ake shayarwa da na'ura, jigo ne ko injin ban ruwa, ɗaya cikin ashirin ake fitarwa. Wadda ruwa ke gangaro mata da kansa, irin na magudanar Tiga, ɗaya cikin goma ce ko da an biya kuɗin ruwa, kamar yadda littafin Muhtasar na Halil ya hukunta. Shinkafa, alkama da masara duk suna da zakka. Tumatir, albasa da tattasai ba su da zakkar amfanin gona, alhali su ne ke kawo kuɗi da rani. Abin da talaka ke samu a lambu ya rage ga hannun mai lambu: kwandon sadaka, ko barin mata da yara su yi kala bayan an casa shinkafa.

Hukuma ta dawo cikin lamarin a 2003, da gwamnatin Ibrahim Shekarau ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi. An hana bara a titunan Kano a 2013, aka sake jaddada hanin a 2020, shekarar da aka riƙa mayar da almajirai jihohinsu saboda annobar korona. Gidan gajiyayyu irin na Shahuci a birni yake. A Kura da Bunkure, har yanzu masallaci, mai unguwa da matan gida ne ke ɗauke da yawancin wannan nauyi.