Gado, Gishiri da Hawan Jini a Kwarin Rima

Idan likita a Birnin Kebbi ko Argungu ya gaya wa magidanci cewa jininsa ya hau, sau da yawa amsar da yake samu ita ce: "Ai ciwon gidanmu ne, likita. Shi ya kwantar da baba, shi ne kuma ajalin gwaggo." Mai wannan magana bai yi ƙarya ba. Nazarin da aka yi a kan tagwaye da iyalai a ƙasashe da dama ya nuna cewa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin matsin jini tsakanin mutane daga gado yake. Kuskuren yana cikin hukuncin da ake yankewa bayan haka, wato tunda gado ne sai haƙuri. Abin da nake so in kafa a nan shi ne, babban abin da ake gada a wannan cuta yanayin ƙoda ne, yadda take riƙe gishiri ko ta sake shi, kuma wannan yanayi ba ya zama ciwo sai ya gamu da abinci da zaman da suka dace da shi.

Mutanenmu sun san gado ta hanyar sikila: ƙwayar gado ɗaya, uba ya ba da, uwa ta ba da, yaro ya fito da ciwon. Hawan jini ba haka yake tafiya ba. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Nature Genetics a 2018, wanda ya haɗa mutane fiye da miliyan ɗaya, ya kai adadin gurabun gado masu alaƙa da matsin jini zuwa 901, kuma wani da ya biyo baya a 2024 ya haura da su 2,000. Kowane gurbi ɗan abin da yake ƙarawa ko ragewa bai taka kara ya karya ba, sai sun taru sannan nauyinsu ya bayyana. Shi ya sa 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, wani jininsa ya hau tun yana ɗan shekara talatin da biyar, wani ya tsufa lafiya lau.

Akwai dai nau'o'in hawan jini ƙalilan da ƙwayar gado ɗaya ke haddasawa, kuma su ne suka buɗe wa masana ido. A 1963 likita Grant Liddle ya bayyana wani iyali a Amurka da matasansu ke fama da matsanancin hawan jini. A 1994 aka gano musabbabin: wata ƙofa a cikin ƙoda mai mayar da sodiyam, wato sinadarin gishiri, cikin jini, ta ƙi rufuwa. Gishiri ya tsaya, ruwa ya biyo shi, jijiyoyi suka cika. Da aka bi sauran irin waɗannan cututtuka, sai aka tarar kusan dukkansu a wuri guda suke haɗuwa: ƙoda da gishiri.

A nan ne tarihin ƙasar Kabi yake da abin cewa. A 1853 Heinrich Barth ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a hanyarsa ta zuwa Say, ya ratsa kwarin Foga, wanda yau yake cikin Jihar Dosso ta Nijar, ya ga yadda ake tace ƙasa mai gishiri ana dafa ruwan har ya daskare. Gishirin Foga da kantun Bilma haja ne na fatake, sai an sha tafiya da jakai da raƙuma kafin su iso kasuwanni irin su Jega. Talaka bai barbaɗa shi yadda ya ga dama ba. A lokaci guda kuma wannan talakan yana noman fadama ko su a Gulbin Kabi, cikin zafin bazara da ke haura digiri 40, gumi na kwashe masa gishirin jiki, ga zawo da ke kwashe na yara. A irin wannan rayuwa, jikin da ya iya tattalin gishiri shi ne ke tsira ya haifi 'ya'ya. Nazarin da J. Hunter Young da abokan aikinsa suka buga a 2005 ya nuna cewa nau'o'in ƙwayoyin gado masu taimaka wa jiki riƙe gishiri sun fi yawa a ƙasashe masu zafi, suna raguwa yayin da aka nufi ƙasashen sanyi. Ɗaya daga cikinsu yana cikin ƙwayar AGT, mai sarrafa sinadarin anjiyotensinojin, tushen abin da ke sa jijiyoyi su tsuke. Nau'in da aka danganta da hawan jini a 1992 ya haura kashi 80 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, alhali a Turai bai fi rabin haka ba sosai.

Da gado kaɗai ke yanke hukunci, da ƙauyukan Afirka ta Yamma sun fi ko'ina hawan jini a duniya. Sai aka sami akasin haka. Richard Cooper da Charles Rotimi da abokansu sun auna mutane wajen 10,000 'yan asalin Afirka ta Yamma a Nijeriya da Kamaru da Jamaika da Babados da Sen Lusiya da wata unguwa kusa da Cikago, suka buga sakamakon a 1997. Masu hawan jini kashi 16 ne cikin ɗari a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka. Tushe ɗaya ne, amma cutar ta ninka, kuma ƙiba da yawan gishiri a abinci su suka bayyana mafi yawan wannan tazara. A ganina babu hujjar da ta kai wannan nauyi a duk muhawarar. Ta kuma raunana zaton da masu bincike Wilson da Grim suka yaɗa a 1991, cewa wahalar jiragen bayi ce ta tace Baƙaƙen Amurka ta bar masu riƙe gishiri kaɗai, zaton da masanin tarihi Philip Curtin ya soke tun 1992.

Tafiyar da waɗancan al'ummomi suka yi a ƙetaren teku cikin ƙarnoni, kwarin Rima yana yin irinta a gida cikin ƙarni guda. Gishiri yau ya fi kusan komai araha a kasuwa. Dunƙulen miya, wanda gishiri ne mafi yawansa, ya ture daddawa gefe a tukwane da yawa, ko ya hau kanta. Ga kanwa, wadda ita ma sodiyam ce, a cikin miyar kuka da kuɓewa da wake, ga kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego. Tun a shekarun 1970 masu bincike Davidson da Parry suka danganta wannan kunu da kwanciya a kan gado mai wuta da ciwon zuciyar masu jego a Zariya. Binciken baya-bayan nan ya ƙaro wasu dalilai, amma nauyin sodiyam a jikin da ya riga ya cika da ruwa ba abin musu ba ne. Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991, ma'aikacin ofis ya yawaita, babur ya maye gurbin ƙafa, injin ban-ruwa da na casa sun rage gumin manomin shinkafa. Ba na kukan wannan sauyi, sauƙi ne da mutane suka daɗe suna nema. Sai dai ƙodar da aka gada ba ta sami labari ba, tana nan tana adana gishiri kamar mai rumbun da bai san fari ya wuce ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba.

Akwai wata ƙwayar gado da ta cancanci a tsaya a kanta, wato APOL1. A 2010 aka gano cewa nau'o'inta biyu, G1 da G2, suna ba da kariya daga wani nau'in ƙwayar ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma suna jefa ƙoda cikin haɗari. Labarinta ya yi kama da na sikila da zazzaɓin cizon sauro. Binciken ƙungiyar H3Africa a kan mutane fiye da 8,000 a Nijeriya da Gana, wanda ya fito a 2024, ya tarar kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka auna suna ɗauke da nau'in haɗarin daga uwa da uba. Ma'anar wannan ga likita babba ce: wani da ake cewa hawan jini ya lalata masa ƙoda, ƙila ƙodar ce ta fara lalacewa sannan ta hau da jinin. Gwajin fitsari mai araha, na neman furotin, yana iya nuna hakan da wuri.

Sai dai dole a yi hattara da ɗauko alƙaluman wani wuri a ɗora wa Kabi. Kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu Turawa ne, 'yan asalin Afirka ba su fi kashi 2 zuwa 3 ba. 'Yan Nijeriyar da ke cikin manyan rumbunan bayanan gado na duniya kuwa Yarbawan Ibadan ne da Esan na Jihar Edo. Alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin gado tsakanin al'ummominta, kuma kwarin Rima mahaɗa ce ta Kabawa da Fulani da Zabarmawa da Arawa da Dandawa, ga Dakarkari da Kambari ta kudancin jihar. Fulani da yawa, alal misali, suna ɗauke da ƙwayar gadon narkar da madara wadda ba ta yawaita a maƙwabtansu manoma ba. Ma'aunin haɗarin gado da aka gina da jinin mutanen Ingila yana rage inganci ƙwarai idan aka gwada shi a kan ɗan Afirka, kuma kiran duk waɗannan al'ummomi "baƙar fata" a yi musu kuɗin goro ba kimiyya ba ce.

Inda aka yi binciken a gida, amfaninsa ya fito nan take. An daɗe da lura cewa hawan jinin 'yan Afirka da dama yana zuwa da ƙarancin sinadarin renin, alamar jikin da ya riƙe gishiri da ruwa. Gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida da majinyata 728, aka buga a 2019, ya nuna cewa haɗin magani mai amlodipine, ko da hydrochlorothiazide ko da perindopril, ya fi saukar da jini a kan haɗin da babu ita. Amlodipine kuwa ana samun ta a kemis.

Ba na jin abin da Kebbi ke buƙata da gaggawa shi ne gwajin ƙwayoyin gado ga kowa. Tsadarsa ta fi amfaninsa a yau. Tarihin iyali ya riga ya ɗauko mana wani ɓangare na wannan bayani kyauta, balle a inda auren zumunci ya yawaita kuma mutum ke iya lissafa kakanninsa. Wanda ya ce ciwon gidansu ne, ya kamata ma'aikacin lafiya ya ɗauki maganar a matsayin shaida, ya nemi a kawo ƙannensa da manyan 'ya'yansa a auna su, ya ga ko sun kai 140 bisa 90, ya duba fitsarinsu, ya kuma yi magana da wadda ke riƙe da tukunyar gidan. Asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi, da Asibitin Sir Yahaya, da jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero, suna da abin da ake buƙata don bin iyalai masu yawa shekara da shekaru: masunta a bakin kogin Matan Fada, manoman fadama, makiyaya, da 'yan'uwansu na jini da suka koma aikin ofis a birni. A auna matsin jininsu, da gishirin da ke fita a fitsarinsu cikin awa 24, a adana jininsu bisa yardarsu da sanin sarakunansu, domin ranar da za a karanta ƙwayoyin gadon.