Daga Buroshi Zuwa Canva: Tarihin Kuɗin Zane a Gusau, Tsafe da Bungudu

A ƙauyen da kowa ya san kowa, mai shago ba ya bukatar allon talla. Ana sanin gidan maƙeri da ƙarar uwar maƙera, ana sanin mai fura da inuwar da take zama. Allo na baƙo ne, kuma baƙi sun fara cika Gusau ne bayan da layin dogo daga Zariya ya biyo ta Funtua ya ratsa garin, ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanonin sayen gyaɗa da auduga suka kafa kantuna, fatake da ma'aikata daga kudu suka sauka, aka wayi gari akwai mutanen da sai an rubuta musu sunan wuri kafin su gane shi. Daga nan mai fenti da buroshi ya sami abin yi.

Ba shi ne na farko da ya ci abinci da ƙawata rubutu a ƙasar Zamfara ba. Tun kafin zuwan Turawa akwai masu zayyana, waɗanda ake biya su yi wa allon sauka ado da tawada mai launi idan yaro ya sauke Alƙur'ani. Abin da ya haɗa mai zayyana da mai rubuta allon kanti shi ne, dukansu hannunsu suke sayarwa. Kayan aikin ba su da tsada: katako, fenti, alƙalami ko buroshi. Abin da ke da wuyar samu shi ne hannun da ba ya rawa, kuma sai yaro ya shafe shekaru yana wanke wa maigida buroshi kafin a yarda ya ja harafi ɗaya a jikin motar wani. Saboda ƙarancin irin wannan hannu ne ake biyansa da daraja.

Aikin ɗab'i kuwa na wasu garuruwa ne. A Zariya aka fara fitar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, kuma shekaru da dama duk wanda ke son bugu mai yawa da kyau, hanyar Zariya ko Kaduna ko Kano yake kamawa. Ko masaƙar da aka buɗe a Gusau a tsakiyar shekarun 1960 ba ta sauya wannan rabo ba.

Abin da ya sauya shi siyasa ce. Ranar 1 ga Oktoban 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Zamfara daga Jihar Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Sabuwar jiha kasuwa ce ga mai zane: kowace ma'aikata tana son allo, da takarda mai tambari, da katin shaida, da kalanda. Shekara uku bayan haka aka dawo mulkin farar hula, fastocin 'yan takara suka rufe bango. A wannan tsakani ne shagunan kwamfuta suka yawaita, kuma manhajar da ta zama uwar ɗakinsu ita ce CorelDRAW, wadda wani kamfanin Kanada ya fara fitarwa a 1989. Yawancin kwafin da ke yawo ba a biya kuɗin lasisinsu ba, kuma ba wanda ya damu ya tambaya.

A nan ne ma'aunin ya juya. Yaro mai kaifin kai zai iya koyon CorelDRAW cikin 'yan watanni, amma ba zai iya sayen kwamfuta da firinta da janareta ya kuma biya hayar shago ba. Abin da ke da wuyar samu ya tashi daga hannu ya koma jari, riba ta bi mai jari, mai zanen ya zama yaron shago. Da injinan buga manyan banoni suka iso, tsofaffin masu buroshi suka rasa mafi tsokar aikinsu. Aka bar su da jikin motoci, da bangon makarantu, da lambar gida. Mutumin Bungudu da ke son katin biki sai ya hau mota zuwa Gusau, haka ma na Tsafe, wanda tafiyarsa ta fi tsawo. Kuɗin motar ma wani ɓangare ne na farashin kati.

Canva ta fito ne daga wata duniya dabam. Melanie Perkins da Cliff Obrecht sun fara ne a 2007 a birnin Perth na Ostareliya da ƙaramin kamfanin tsara littattafan tunawa na ɗalibai, sannan tare da Cameron Adams suka ƙaddamar da Canva a 2013. Dabarar ita ce a ajiye dubban samfuran zane a intanet, mutum ya zaɓi ɗaya, ya sauya suna da hoto da launi. Ba a yi ta don Zamfara ba, amma ta tarar da abubuwa biyu suna jiranta: wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001 ta kuma rikiɗe ta zama ƙaramar kwamfuta, da WhatsApp, wanda ya zama sabon bangon liƙa fasta. Sanarwar ɗaurin aure, da ta'aziyya, da wa'azi, da murnar samun muƙami, duk sun daina jiran maɗaba'a. Ana zana su a waya, a tura su a waya, a biya ta banki a waya.

Wannan ya buɗe ƙofa ga waɗanda shagon kwamfuta bai taɓa buɗe wa ba. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau zai iya haɗa kuɗin makaranta daga ɗakin kwanansa. Matar aure a Tsafe za ta iya yi wa masu sayar da atamfa da turaren wuta talla ba tare da ta taka ƙofar gida ba, kuma mata 'yan'uwanta sun fi sakin jiki su tura mata hotunansu. Sai dai ƙofar da ta buɗe wa mai zane ita ce ta buɗe wa mai ba shi aiki. Ranar da mai shago ya gane cewa ɗansa zai iya yin irin wannan tallar kyauta, ranar ce farashi ya faɗi. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a sana'ar ba su dogara da zane ɗai-ɗai ba. Wasu suna kula da shafukan 'yan kasuwa ana biyansu wata-wata. Wasu suna karɓar aiki su kai maɗaba'a su ci ribar tsakani. Wasu suna jiran kakar zaɓe. Da yawa kuma sun gano cewa koyar da Canva ya fi aiki da ita kawo kuɗi, abin da ya kamata ya sa mai shirin biyan kuɗin kwas ya ɗan yi tunani.

Alƙawarin da ake sayar da kwasa-kwasan da shi shi ne dala: a yi wa Bature aiki ta Fiverr ko Upwork. Akwai masu samu, amma hanyar tana da shinge. PayPal ya shigo Nijeriya a 2014, ya kuma shafe shekaru bai ba ɗaiɗaikun mutane damar karɓar kuɗi ba, kuma zuwa ƙarshen 2022 manyan bankuna sun dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira, har aka kai tsakiyar 2025 kafin wasu su dawo da ita.

Babbar jarrabawar ta zo a Satumban 2021. Bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mai zane da Canva ya tashi da safe ya tarar shagonsa na wata nahiya, kuma an toshe hanyar zuwa can. Ba samfuri, ba abokin ciniki, ba hanyar karɓar kuɗi. Da farko mutane sun riƙa tafiya Funtua don neman sabis, sai ita ma aka katse ta cikin 'yan kwanaki. Mai CorelDRAW ya fi shi sauƙi, tunda manhajarsa tana cikin kwamfutarsa, amma shi ma an hana sayar da fetur a jarka, janaretansa ya yi shiru. A farkon Oktoba aka dawo da sabis a Gusau. Tsafe da Bungudu da sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira. Wato tsohon bambancin da ke tsakanin babban birni da kewayensa, wanda aka zaci waya ta shafe, ya dawo cikin dare ɗaya.

Akwai wani giɓi da har yau samfuran Ostareliya ba su cike ba, wato harshe. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, kuma mai buroshi bai taɓa shan wahalarsu ba, domin lanƙwasa hannu kawai yake yi. Amma da yawa daga cikin kyawawan salon haruffan da ke cikin manhajojin zane ba su da su. Mai gaggawa sai ya jefar da ƙugiyar, ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. Tun ƙarshen 2022 Canva ta ƙara kayan aiki masu ƙirƙirarriyar basira da ke haɗa hoto daga jimla ɗaya, amma hakan bai hana a ga fastar ɗan takara mai alƙawarin ci gaban kasa ba, alhali kasa a Hausa ko dai gazawa ce ko macijiya.