Daga kajin Drebbel zuwa cip ɗin da ke gadin ƙwai

1/ Jiya wani ya tambaye ni, ya aka yi injin ƙyanƙyasar ƙwai yake tsayawa a digiri 37.5 har kwana 21, ba wanda ke gadinsa? Tambayar ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi, don na taɓa asarar ƙwai kiret biyu a dare ɗaya saboda zafi ya haura. Ku biyo ni, zare ne. 🧵

2/ Abin dariya, da kaji aka fara. Wajen 1620 wani mutumin Holan, Cornelis Drebbel, ya haɗa akwatin ƙyanƙyasa. Ya sa barasa a kwalba. In zafi ya ƙaru sai barasar ta kumbura, ta tura zaiba cikin bututu, zaibar ta ɗaga sanda, sandar ta toshe ƙofar iskar murhu, wuta ta lafa. Babu lantarki ko kaɗan.

3/ A 1830 Andrew Ure na Sikotlan ya yi amfani da dabarar manne ƙarfe iri biyu. Ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa in ya ji zafi, dole su lanƙwashe. Wannan "ƙyat" da dutsen guga ke yi ya kashe kansa, jikan wannan dabarar ne.

4/ Sai Warren Johnson, malamin makaranta a Wisconsin ta Amurka. Azuzuwa su yi zafi ko sanyi, sai an nemo mai kula da murhu. A 1883 ya yi rajistar na'urar da ke kaɗa wa mutumin ƙararrawa da kanta.

5/ Matsalar ƙarfe ita ce bai san lamba ba. Kiwon kaji kuwa digiri ɗaya ko biyu na iya kashe ɗan tsako a cikin ƙwai.

6/ Nan silikon ya shigo. Tiranzista na da wata ɗabi'a: duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, ƙarfin lantarkin da ke mahaɗarta yana raguwa da kamar milibolt 2. Da can injiniyoyi aibi suka ɗauke shi. Daga baya suka ce to ai wannan ma'auni ne kyauta. Yawancin cip na auna zafi a yau haka suke aiki, sai wani sashe ya mayar da sakamakon lamba.

7/ Wanda ya fi burge ni DS1620 ne na kamfanin Dallas Semiconductor, a shekarun 1990. Ƙafa 8 gare shi, yana aunawa daga -55 zuwa 125, rabin digiri rabin digiri. Shi dabararsa daban: agogo biyu ne a cikinsa, ɗaya zafi na sauya masa gudu sosai, ɗayan kusan bai damu ba. Sai ya ƙirga bugun mai natsuwar a cikin lokacin da ɗayan ya ba shi. Ƙirgen nan shi ne zafin.

8/ Kai za ka rubuta masa lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Yana riƙe su ko an ɗauke wuta, wanda a ƙasar nan ba ƙaramin abu ba ne. Zafi ya kai ta sama, ya ba da umarni, a kashe hita ko a kunna fanka. Kuma ba zai janye ba sai zafin ya sauko zuwa ta ƙasa.

9/ Me ya sa biyu? Da ɗaya ce, injin zai yi ta kunna-kashe kowace daƙiƙa a bakin lambar har makunnin ya ƙone. Tazarar nan ce ke ba shi numfashi. Ni kuwa daren da na yi asara, ta saman na saita da yawa, laifina ne.

10/ Maxim ya sayi Dallas a 2001, Analog Devices ya sayi Maxim a 2021. Ƙanensa DS18B20 har yanzu ana sayar da shi, ɗalibai na haɗa shi da Arduino. Kowane ɗaya da lambarsa ta daban, shi ya sa za ka jera da yawa a kan waya ɗaya, ka ji zafin kowane lungu na akwatin.