Yadda Fiyanon Lantarki Ya Koyi Riƙe Muryoyinsa

Duk wanda ya taɓa zama a wajen biki ko majalisin waƙa a wannan zamani, ya ga saurayi guda tsaye a bayan fiyano yana fitar da amon ganga da na sarewa da na goge da yatsunsa goma, sa'an nan kafin mawaƙi ya gama jan numfashi tsakanin baiti da baiti ya taɓa maɓalli guda muryoyin nan duka su sauya, la'alla zai zaci cewa hikimar na'urar tana cikin yawan muryoyin da aka zuba mata. Alhali kuwa mas'alar da ta fi wahalar da maƙera da makaɗa shekara da shekaru ita ce yadda za a adana murya bayan an sha wuya an same ta, a kuma kira ta ta amsa a daidai lokacin da ake bukatarta, a gaban jama'a, inda babu halin a ce wa masu sauraro su dakata a gyara.

Asalin wannan mas'ala ya girmi lantarki nesa ba kusa ba. Manyan molayen bututu na majami'un Turai, waɗanda ake busawa da iskar zugazugi, kowanensu yana da jerin marufai da ake ja ko a tura domin a buɗe wa wani rukuni na bututu hanya, kuma tun da hannuwan makaɗi biyu suna kan maɓallai, ƙafafunsa kuma suna kan matakai, sai ya zama ala tilas a tsayar masa da mataimaki a gefe, wani lokaci ma biyu, su riƙa jan marufan nan bisa alamar da aka rubuta musu a gefen takardar kiɗa. A ƙarni na 19 wani gwanin maƙeri na Faransa, Aristide Cavaillé-Coll, ya sauƙaƙa al'amarin da wasu matakai na ƙafa da ke sakin iska ga rukunin bututun da aka riga aka shirya, ta yadda makaɗi zai tanadi muryar da yake so tun kafin a fara, ya shigo da ita da taki guda. Da Laurens Hammond ya fitar da nasa molon na lantarki a Amurka a 1935, sai ya ba shi sanduna tara da ake ja, kowace tana da daraja daga sifiri zuwa takwas, har makaɗa suka ɗauki al'adar rubuta murya da lambobi tara a jere. Wanda ya ce 888000000, duk ɗan sana'a ya san yana nufin a ja ukun farko har ƙarshe a bar sauran shida a rufe, kuma wannan ita ce muryar da makaɗi Jimmy Smith ya shahara da ita. Ashe ke nan tun daga wancan lokaci an gane cewa murya abu ce da za a iya rubutawa a takarda, a aika wa wani a wani gari ya tayar da ita yadda take.

Amma da na'urar haɗa sauti ta ainihi ta bayyana, wadda Robert Moog ya nuna a 1964, sai aka koma baya a wannan fage, ko da yake an ci gaba ƙwarai a wani. Ita wannan na'ura ba ta zuwa da murya ko ɗaya. Akwatuna ne jere da juna, wani yana haifar da amo, wani yana tace shi, wani yana ƙayyade yadda zai tashi da yadda zai mutu, kuma sai mai kiɗa ya sada su da igiyoyi ya murɗa makunnai masu yawa kafin ya ji abin da zuciyarsa ke nema. Idan ya zare igiyoyin domin ya nemi wata murya, ta farkon ta tafi ke nan, sai dai in ya zana matsayin kowane makunni a takarda, kuma ko ya zana, da wuya ta dawo daidai, domin zafin ɗaki kaɗai yana iya karkatar da sautin. A ɗakin ɗaukar murya, inda lokaci yake hannun mutum, ana iya haƙuri da haka, kuma a can ne Wendy Carlos ta haɗa wani faifai a 1968 da ya sanar da duniya na'urar. Dandamali kuwa ba ya haƙuri. Keith Emerson na Ingila, da ya ɗauki ƙaton Moog zuwa gaban jama'a a 1970, sai da kamfanin ya ƙera masa wani akwati na musamman mai riƙe 'yan muryoyi shiryayyu. Shi kuwa Rick Wakeman, da ƙaramar Minimoog ta fito, hanyar da ya bi ita ce ya kewaye kansa da na'urori da dama, kowace an saita ta a kan murya guda, yana juyawa daga wannan zuwa waccan. Wannan dabara ce ta mai hali, kuma masu ɗaukar kaya ne suka san nauyinta.

Wanda ya dubi Yamaha CS-80 ta 1977 zai ga iyakar abin da hikimar hannu take iya yi kafin kwamfuta ta shigo cikin lamarin. Na'ura ce mai nauyin kusan kilo 100, kuma a ƙarƙashin wani murfi a gefenta an jera ƙananan makunnai sahu huɗu, kwafin manyan da ke sama, waɗanda mai kiɗa zai saita da ɗan yatsa ya rufe. Wannan shi ne dukan abin da take iya riƙewa na muryoyin mai ita. Shekara guda bayan haka, a 1978, Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Kalifoniya ya fitar da Prophet-5, wadda ya sa mata 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke karanta matsayin kowane makunni ta mayar da shi lamba ta ajiye, har muryoyi 40, kowace ana kiranta da taɓa maɓalli. A ganina nan ne babin ya buɗe da gaske, domin daga ranar ne makaɗi ya sami ikon ya yi wahalarsa a gida cikin natsuwa, ya zo dandamali ya girbe ta. Sai dai ajiyar tana rataye ne ga wani ɗan batir da ke cikin na'urar, wanda in ya mutu aikin watanni ya bi shi, shi ya sa aka koma ana kwafe muryoyi a kan kaset, a ajiye a aljihun jaka saboda ɓacin rana.

Shekarar 1983 ta zo da abubuwa biyu. Na farko shi ne ittifaƙin da kamfanonin Amurka da na Japan suka yi a kan harshe guda da na'urorinsu za su riƙa magana da juna, wato MIDI, wanda Dave Smith da Ikutaro Kakehashi na Roland suka yi wa jagoranci, aka kuma nuna shi a watan Janairu da aka sada Prophet-600 da Jupiter-6 da igiya guda. Daga cikin saƙonnin harshen nan akwai na sauya murya, mai lambobi 128, ta yadda taɓawa guda za ta sa na'urori da yawa su sauya tare. Na biyu shi ne Yamaha DX7, wadda aka gina bisa binciken John Chowning na jami'ar Stanford, mai riƙe muryoyi 32 a cikinta da ƙari a wani ɗan akwati da ake soka mata. Ta yi arha, ta yi kasuwa ƙwarai, amma shirya sabuwar murya a cikinta sai ta wata 'yar taga mai layi biyu da lissafi mai ɗaure kai, har galibin masu ita suka haƙura da abin da kamfani ya zuba, muryar fiyanonta guda ta cika waƙoƙin wancan zamani. Wannan abu yana ba ni takaici, domin an ba makaɗi rumbu ya zuba nasa hatsin, shi kuwa ya wadatu da wanda ya tarar a ciki.

Na'urar da ta kafa nizamin da ake bi har yau ita ce Korg M1 ta 1988, wadda ake ƙiyasta an sayar da kimanin 250,000, kuma ita ta sa aka san irin fiyanon nan da ke tara komai wuri guda: muryoyin kayan kiɗa na gaske da aka ɗauka aka adana, da ganguna, da na'urar ƙawata sauti, da marubucin kiɗa mai layi takwas. Abin da ya fi muhimmanci ga mai hawa dandamali shi ne ta raba ajiya hawa biyu, ɗaiɗaikun muryoyi 100 a ƙasa, haɗe-haɗe 100 a sama, kowane haɗi yana iya ɗaukar muryoyi har takwas. A nan ne sana'ar tsarawa ta zama fanni mai ƙa'idoji. Mai kiɗa zai zauna da waƙa guda ya tambayi kansa me hannun hagu zai yi, me na dama zai yi. Ya ba maɓallan ƙasa murya mai kauri, ya yanke iyaka a wani maɓalli na tsakiya, daga nan zuwa sama ya ɗora goge a kan fiyano su fita tare, ya keɓe 'yan maɓallai biyar na can ƙarshe ga ƙaho wanda ba zai shigo ba sai a amshi. Har yana iya umartar wata murya ta yi shiru sai an doki maɓalli da ƙarfi. In ya gama ya daidaita ƙarar kowace, domin muryar da ta yi daɗi a ɗaki ita kaɗai sau da yawa takan nutse ko ta danne mawaƙi idan an shiga fili, ya raɗa wa haɗin sunan waƙar, ya ajiye. Abin da ya rage shi ne tartibi, domin waƙa ta farko tana iya zama a lamba 12 ta biyu a lamba 87, shi ya sa aka daɗe ana ganin takarda manne a goshin fiyano da lambobi rubuce da biro. Kamfanoni sun yi ta neman maganin wannan, har Korg Kronos ta 2011 ta zo da jerin waƙoƙi 128, kowane da gurabe 128 da ake taɓawa a allo, kuma sautin da ake riƙe da shi ba ya yankewa idan an sauya. Yamaha Montage ta 2016 ta bi da irin nata.

Akwai wani fihirisa da ya kamata mai karatu ya sani, wanda aka yi ittifaƙi a kansa a 1991 da sunan General MIDI, inda aka ƙayyade muryoyi 128 da lambobinsu domin kiɗan da aka rubuta a na'ura guda ya fita daidai a wata: lamba 1 fiyano, layi na 10 na ganguna. A cikinsa an ware gurabe takwas ga kayan kiɗan al'ummu, aka sa sita da shanai na Indiya, da koto da shamisen na Japan, da banjo, da kalimba ta Afirka. Babu kalangu, babu kotso, babu algaita, babu kakaki, babu gurmi.

Da wannan fihirisa da makamantansa fiyano ya iso mana. Tun a 1978 Mamman Sani ya ɗauki kaset a Yamai da wani molon lantarki na Italiya mai suna Orla, yana fitar da karin waƙoƙin ƙasarsa da muryoyin da ba don su aka yi ba. A Kano kuwa, cikin shekarun 1990, situdiyoyin finafinai irin su Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, mai maɓallan ajiya da ke riƙe murya da salon ganga da saurin kiɗa gaba ɗaya, kuma bayan fim ɗin Sangaya na 1999 kiɗan fiyano ya mamaye kasuwa, ya shiga bukukuwa, ya shiga har waƙoƙin bege da na siyasa. Ban ga laifin samarin da ke wannan kiɗa ba, bal ma ina jinjina musu, domin sun lalubo a cikin jerin baƙin muryoyi waɗanda suka fi kusa da kunnen Bahaushe, suka lanƙwasa su har suka yi magana da harshenmu. Amma kalangu yana hawa yana sauka ne bisa matsin tsarkiya a hammatar makaɗi, yana bin karin magana, kuma gangar da aka ɗauka a wata ƙasa da amo guda tsayayye ba za ta taɓa kiran sunan mutum ya waiwayo ba.

Uzurin da ake da shi a da, na rashin muryoyin kayan kiɗanmu a cikin fiyano, ya ƙare, tun da fiyanon yau suna karɓar muryar da mutum ya ɗauka da kansa ya zuba musu ta filashi. Saboda haka ina kira ga masu situdiyo da makaɗan dandamali na Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi da Damagaram, su nemi dattawan makaɗa tun suna raye, su biya su haƙƙinsu da yardarsu, su ɗauki kalangu a kowane mataki na matsinsa, da algaita da kakaki da garaya da kukuma, su rubuta sunan wanda ya kaɗa da garinsu a jikin kowace murya, su tsara su rukuni-rukuni bisa bukatar biki da majalisi, sa'an nan su ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.